Tseren tsofaffin babura: Babur ɗin malamin gona ya fi dacewa da Kalambaina

Titin Kalambaina ba wurin wasa ba ne. Tun da masana'antar siminti ta fara aiki a 1967 manyan motoci ke bin sa, kuma da aka buɗe sabon sashen kamfanin BUA a 2018, aka ƙara wani a 2022, tirelolin sai suka ƙaru. Duk da haka, kamar sauran titunan Sakkwato, ba a rasa matashin da zai ɗaga tayar gaba ko ya saki kan babur ya miƙe tsaye, musamman ranar ɗaurin aure ko kai amarya.

Faɗa da zagi ba su hana wannan ganganci ba. Abin da ya rage shi ne a nema wa sha'awar wurin da ba za ta ci rai ba, kuma a duniya akwai wasan da aka tsara don haka: tseren babura a kan turɓaya da tudu da kwari, a cikin fili killatacce, wanda ake kira motokuros. A Ingila aka fara shi a 1924, a yankin Camberley. Yau yana da wani reshe na musamman da ba a shiga sai da tsohon babur. Wannan reshen ne ya fi kusa da aljihun matashin Kalambaina, in dai bai yi kuskure wajen zaɓen babur ba.

Kuskuren kuwa a waya yake farawa. Matashi ya kalli bidiyon Bature yana tashi sama a kan Yamaha YZ ko Honda CR, sai ya ƙudurta cewa shi ma irinsa zai nema, ko da ta hannun masu shigo da kayan Baljam ne. Wannan sayen wahala ne da kuɗi.

A Amurka, ƙungiyar AHRMA mai shirya tseren tsofaffin babura ta ware ajin farko ga waɗanda aka ƙera a 1974 zuwa baya. Ta kuma ƙayyade nisan da shokozoba za ta iya lotsawa: inci 7 a gaba, inci 4 a baya. Dalilin ƙa'idar a fili yake. Daga 1975, lokacin da Yamaha ta fito da YZ mai shokozoba ɗaya a baya, babura suka fara iya dira daga sama ba tare da sun karya mahayi ba, sai filayen tseren ma suka sauya, tsalle ya ƙara tsawo, haɗari ya ƙaru. Masu son tsohon yayi sai suka ware kansu, suka koma filin da ba shi da dogayen tsalle, inda iya juya babur a kwana ya fi ƙarfin inji muhimmanci.

Baburan da ake ji da su a wancan aji, irin su Honda Elsinore na 1973 da CZ da Maico da Bultaco da Husqvarna, ba su ne suka cika garejojin Arewa ba. Wanda ya dage sai ya mallaki ɗaya, fistan ɗinsa ma da dala zai saya, ya jira makonni kafin ya iso, kuma kowa ya san yadda naira ta koma tun watan Yunin 2023. Babur ɗin tsere na asali ba shi da fitila, ba a yi shi don titi ba, ana canza masa ringi da fistan ne bisa lissafin awannin da ya yi yana aiki. Daga farkon shekarun 1980 kuma aka fara sa musu lagireto, da yawa daga cikin na baya-bayan nan ma cikin silindarsu shafe ne ba ƙarfe ba, in ya karce ba bakaniken da zai iya fafe shi ya sa babban fistan.

To mene ne a ƙasa?

Tun daga shirin bunƙasa noma na Gusau da na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa a tsakiyar shekarun 1970, malamin gona da babur ɗinsa suka zama abu ɗaya a idon mutanen karkara. A shekarun da suka biyo baya, ayyukan gona da na lafiya da ƙungiyoyin agaji a Najeriya da Nijar sun riƙa raba wa ma'aikatansu dogayen babura masu iya shiga yashi: Yamaha DT125 da DT175, Yamaha AG100 da AG200, Suzuki TS, da Honda XL. Idan aiki ya ƙare sai a yi gwanjonsu, ko su tsufa a hannun ma'aikaci. Wasu suna jingine a zaure, kaji na kwana a kansu.

A cikin waɗannan, DT175 ne ya kamata mai niyyar tsere ya fara nema, in bai samu ba ya nemi ƙanensa DT125.

Asalin gidan DT ɗin ma daga wannan wasa yake. Yamaha ta fito da DT-1 a 1968, kuma daga jikinsa ne baburanta na tsere suka samo tushe. DT175 inji ne mai hayaƙi, wato wanda ke ƙona fetur haɗe da man 2T, iska ce ke sanyaya shi, birkinsa na cikin kwano ne gaba da baya, tayar gaba inci 21, ta baya inci 18. Ba shi da bawul-bawul ɗin da ke saman inji irin na Boxer, ba shi da sarƙar cikin inji, ba lagireton da zai fashe in an faɗi. Duk bakaniken da ya koyi aiki a zamanin Suzuki A100 da Yamaha RX zai kwance shi da safe ya ɗaure kafin la'asar. Silindarsa ƙarfe ce a ciki, in ta cinye a fafe ta a sa fistan na gaba da shi. Kuma saboda an daɗe ana ƙera shi ana sayarwa a Afirka da Kudancin Amurka bayan Turai ta daina, kayan gyaransa ba su zama abin tarihi ba.

Wani abu da ya kamata mai saye ya sani: DT175 iri biyu ne. Na farko, daga 1974, shokozoba biyu gare shi a baya. Daga 1978 aka koma mai guda ɗaya a ƙarƙashin tanki. Na biyun ya fi daɗin hawa a kan gargada, na farkon kuma shi ne mai farin jini a wurin masu tara tsofaffin kaya. Ga wanda hawa zai yi ba ado ba, na biyun ya fi.

Akwai masu cewa Honda XL ya fi, tunda ba ya hayaƙi, ba ya shan mai da yawa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kowace lita da lissafi ake zuba ta. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, amma akwai inda XL yake da rauni. A ƙananan injinan Honda na wancan zamani, sandar da ke buɗe bawul tana juyawa ne kai tsaye a jikin kan inji na alminiyam. In aka yi sakaci da canza baƙin mai, kan injin ne gaba ɗaya yake cinyewa. Honda da kanta ta ga haka a ƙasashe masu tasowa, shi ya sa ta ƙera CG125 a 1975 da wani tsari mai jure sakaci, wanda har yau kamfanonin China ke kwaikwayonsa. Tsohon XL da ya shekara 30 yana yawo daga hannu zuwa hannu, wa zai rantse cewa an riƙa canza masa mai a kan kari? In an samu wanda kansa ke da lafiya, madalla. In yana ƙara kamar ana kaɗa cokali a kwano, a bar wa mai shi kayansa.

AG100 kuwa don makiyayan Ostareliya aka yi shi. Jaki ne wajen aiki, ba ya gudu, kuma ya dace da yaron da ke koyo. A tsere dai sai ya ga ƙurar 'yan uwansa.

Sai babban yaya, Yamaha XT500, wanda ke da tarihi a wannan yanki. Shi Cyril Neveu ya hau ya lashe tseren Paris zuwa Dakar na farko, wanda aka fara a ranar 26 ga Disamban 1978, ya ratsa Agadas da Yamai. Sunan hamadar Tenere ta Nijar ma Yamaha ta ɗauka ta sa wa wani babur ɗinta a 1983. Amma XT500 na doguwar tafiya ne a sarari. A ƙaramin fili mai kwanoni nauyinsa zai gajiyar da mahayi, kuma kik ɗinsa in ya dawo da ƙafa, mutum zai kwana biyu yana ɗingishi.

Zaɓen iri rabin aiki ne, saura duba wanda aka kawo. Dillali zai so a iske babur ɗin da zafi, an wanke shi, an fesa fenti. Mai wayo da sassafe yake zuwa, ya taɓa inji ya ji da sanyi, sannan a tayar a gabansa. Injin da ya tashi ya riƙa ƙara wuta da kansa ba a murɗa ba, yana shan iska ne ta inda bai kamata ba, galibi robar gefen karanshaf ce ta mutu, kuma a zafin watan Afrilu na Sakkwato, da ake haura digiri 40, irin wannan injin ba ya daɗewa yake kamewa. Amma inji duk lalacewarsa ana gyarawa. Abin da ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne shasi. A duba wuyan babur da wurin taka ƙafa da inda shokozoba ta kama: in akwai sabuwar walda ko fenti ya tsage, babur ɗin ya taɓa karyewa. A ɗaga tayar baya a girgiza ta hagu da dama. A kalli ƙarafan shokozobar gaba, in tsatsa ta huda su, kowace sabuwar roba aka sa sai ta yage.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar inji a nan, ga ta hunturu ga ta farar ƙasa. Tsofaffin babura da yawa an cire musu soson tace iska tun tuni, an bar kafireto a buɗe. Irin wannan, a sa a rai cewa sai an fafe silinda, a kuma rage kuɗin daga farashi. Famfon da ke tura man 2T shi ma in ba a yarda da shi ba, masu tsere kan cire shi su riƙa haɗawa da hannu, kashi ɗaya na mai cikin 32 na fetur, wato mililita 125 a lita huɗu. Man 'yan bumburutu da ba a san abin da aka gauraya masa ba, ba da shi ake wannan lissafi ba.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da maganar takarda.

A Arewa maso Yamma babur ya daina zama abin hawa kawai. A 2019 rundunar soja ta hana hawan babura a dazukan jihohi da dama, har da Sakkwato. A ƙarshen Agusta da watan Satumban 2021 jihohin yankin suka kafa dokokin taƙaita zirga-zirgarsu, Katsina ma ta hana sayar da na hannu a kasuwar Charanci. A watan Yulin 2022 gwamnatin tarayya ta ce tana duba yiwuwar hana su a ƙasa baki ɗaya. A irin wannan yanayi, dogon babur mai tayar daji da ba shi da rasit, ko wanda aka kankare lambar injinsa, ba araha ba ce, tarko ne. Wanda ya shigo ta Ƙonni da Illela ba tare da takardar kwastan ba shi ma haka. Lambar shasi da ta inji su dace da abin da ke takarda, a yi ciniki a gaban shaidu, a rubuta. In mai sayarwa ya fara kame-kame, ciniki ya ƙare.

Wannan ne kuma ya sa hujjar masu adawa da wasan gaba ɗaya take da nauyi. Matasa goma a kan dogayen babura, sun rufe fuska, suna tayar da ƙura a bayan gari: mutumin ƙauyen da ya hango su ba tsere zai fara kawowa a ransa ba, jami'in tsaro ma haka. Ba wanda zai ga laifinsu. Saboda haka wasan ba zai yiwu a daji ba, ba zai yiwu da dare ba, ba zai yiwu a ɓoye ba. Sai a fili sananne mai iyaka, da rana tsaka, da sanin hakimi da 'yan sanda da ƙaramar hukumar Wamakko. Ramukan da ake haƙar dutsen siminti, duk da suna kama da filayen da ake gani a bidiyo, wurin aikin kamfani ne, manyan injina na kai-kawo, ba wurin da za a kutsa ba ne. In kamfanin ko ƙaramar hukuma za su ware 'yan kadada su daidaita da gireda, wannan wata magana ce, kuma ta fi arha a kan yawancin abubuwan da ake yi da sunan tallafa wa matasa.

Akwai kuɗin da masu saye ke mantawa da shi. Dokar sa hular kwano ta fara aiki tun ranar 1 ga Janairun 2009, kowa kuma ya ga yadda ta kaya a tituna. A filin tsere ba a yi mata haka. Hula mai kare haɓa, takalmi mai tsawo har ƙauri, abin kare gwiwa da safar hannu, duk suna cikin kuɗin babur. Wanda kuɗinsa ya isa DT175 amma bai isa waɗannan ba, ya sauko ya sayi DT125 ko AG100 ya cika da canjin. Asibitin ƙashi na Wamakko bai da nisa da Kalambaina, kuma ɗorin ƙauri ɗaya ya ishi ya cinye kuɗin hula da takalmi har da ƙari.

Ba dole ba ne a kwafo ƙa'idar Amurka ta 1974 zuwa baya, don da ita ba za a tara babura biyar ba. Abin da zai yi aiki a nan shi ne ƙa'ida mai sauƙin dubawa da ido: injin da iska ke sanyayawa, birkin kwano, girman inji kada ya wuce 200. Da wannan, ɗan mai kuɗi ba zai zo da sabon KTM ya kashe wasan a rana ɗaya ba, bakaniken unguwa kuma zai samu aiki. Masu Boxer da roba-roba, waɗanda su ne suka fi yawa a masu ɗaga taya a titi, a ware musu nasu zagayen a fili mai laushi, ba tsalle, kowa da hularsa.