Labari Ma Jari Ne



A makon jiya an kira wani ɗan ajinmu ya ba da labari a taron safe. Ya fara da kyau, amma da ya kai tsakiya sai ya manta, muryarsa ta kama rawa. Nan take aka bushe da dariya. Tun daga ranar ya rantse ba zai sake tsayawa gaban jama'a ba. Wasu ma cewa suka yi ba a yi asara ba, tunda tatsuniya ba ta ciyar da kowa. Mu 'yan ƙungiyar jarida ba mu yarda da wannan magana ba, kuma ga dalilanmu.

Ku lura da abin da ke faruwa ranar kasuwa. Mutum biyu suna sayar da zuma iri ɗaya. Na farko ya zauna shiru yana jiran mai saye. Na biyu yana gaya maka garin da aka ɗebo ta, da lokacin da aka ɗebe ta, da yadda za ka gane ba a gauraya ta da sukari ba. Wa ake taruwa a gabansa? Kowa ya san amsa. Abin da ya yi shi ne ba da labari, kuma da labarin ya sayar da kayansa.

Wani zai ce ai wannan zaƙin baki ne kawai. A'a, akwai bambanci. Mai ƙarya sau ɗaya yake sayar maka, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Idan ka je gida ka tarar da ruwan sukari, kai ma za ka ba da naka labarin, kuma naka zai fi nasa yaɗuwa. Ashe ɗan kasuwa labari biyu yake da su: wanda yake bayarwa da bakinsa, da wanda mutane ke bayarwa a kansa.

Ba sai mun je nesa ba. A nan Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a shekarar 1877. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, mahaifiyarsa ta tafi Accra, wata tsohuwa mai suna Tata ta raine shi, daga nan sunan ya samo asali. Ya yi fataucin goro zuwa Gwanja a zamanin da fatake ke shafe watanni a hanya, daga baya ya shiga cinikin gyaɗa. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗinsa ajiya. Ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. A zamaninsa babu wayar hannu, labarin amanar mutum ne ke riga shi isa kasuwa. Da maraicin ya karya masa zuciya, da yau ba mu san sunansa ba.

Ga kuma Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana kamar shekarunmu. Ba ta ce shi ke nan ba. Ta koma ta nemi ilimi a makarantar manya, ta kama alƙalami tana rubuta halin da mata ke ciki a gidajen aure, abin da ta gani da idonta. Littafinta Budurwar Zuciya ya fito a 1987, Alhaki Kuykuyo Ne kuma a 1990. A 2012 aka buga fassararsa ta Turanci a ƙasar Indiya. Wahalar da ta sha ita ce ta zama jarinta.

Abin da muka fahimta shi ne, iya ba da labari da juriya tare suke tafiya. Ba wanda aka haifa da iya magana. Sai ka yi ta kuskure, a yi maka dariya, ka sake tashi. Wanda muka kunyata a taron safe wataƙila shi ne zai zama marubuci, ko ɗan jarida, ko ɗan kasuwar da garinmu zai yi alfahari da shi. Idan dariyarmu ta rufe masa baki, dukanmu muka yi asara.

Saboda haka muna roƙon malamanmu su ware mana minti 15 a kowace Juma'a domin ba da labari, da Hausa ko da Turanci. 'Yan'uwa ɗalibai kuma, idan wani ya kakare a gabanmu, mu tafa masa ya ci gaba. Mu riƙa zama da kakanninmu da daddare, mu tambaye su yadda suka fara sana'arsu da irin faɗuwar da suka yi, mu rubuta mu kawo a manna a wannan allo.

Kai kuma ɗan'uwanmu, ka dawo ka ƙarasa mana labarinka. Har yanzu ba mu ji ƙarshensa ba.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.