Mai kwalliya a Gesheme: kuɗin da ba ya cikin lissafin 'yan birni

Yarinyar da ke sha'awar sana'ar kwalliyar amare a Gesheme a waya take fara cin karo da lissafi. Masu kwalliyar Kano da Abuja sun cika TikTok da Instagram da jerin abin da wai sai da shi ake farawa: akwati mai hawa uku, fandeshan kala-kala, burushi rututu, fitilar zobe, doguwar kujera, ga kuma kuɗin koyo. Jerin ba ƙarya ba ne. Sai dai an tsara shi ne domin mai shago a Zoo Road ko Wuse, wadda amare ke tako ƙafa su same ta. A Dallol Mawri, inda Gesheme take, mai kwalliya ce ke bin amarya har ɗakin uwarta, kuma tun daga nan lissafin ke sauya kama.

Gesheme ƙaramar hukumar karkara ce a Nijar, cikin gundumar Tibiri, wadda aka yanko daga Dogon Dutsi a 2011. Kuɗin mutanenta daga gona suke fitowa, gero da wake da gyaɗa, da rake da rogon fadama, sai abin da 'yan ci-rani suka aiko. Biki kuwa kuɗi yake bi. Da an yi girbi an kai kaya kasuwar Fadama ko ta Lido sai ɗaurin aure ya ɓarke, ya sake yin zafi gab da azumi da kuma bayan salla. Da ruwan farko ya sauka kowa ya koma gona, mai kwalliya ta rufe akwati. Waɗannan watannin zaman su ne tsada mafi girma a sana'ar, kuma babu mai koyarwa ta intanet da ke sa su a jerinta.

Dalili shi ne kayan kwalliya ba atamfa ba ne da za a ninke a ajiye. Maskara idan an buɗe ta 'yan watanni take yi, fandeshan na ruwa da ƙyar ya wuce shekara, wannan ma a ɗaki mai sanyi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, jan baki kan narke ya kwanta a jikin murfinsa, fandeshan ya rabu biyu mai ya taso sama, gam ɗin gashin ido ya daskare a bututu. Masu dabara kan ƙulle kayan a leda su ajiye a gindin randa, inda yashi ke da danshi. Wadda ta zuba jarinta gaba ɗaya a babban akwati a watan Maris, rabinsa za ta zubar kafin amaren kaka su zo.

Sai batun inda kayan ke fitowa. Jihar Kebbi tana nan kusa, kuma mafi yawan hoda da jagira da gashin idon da ake gani a kasuwannin Dallol Mawri, ta Najeriya suke shigowa, daga Sabon Garin Kano ko Sakkwato ko Birnin Kebbi. Mai kwalliya da sefa take karɓar kuɗi, da naira take sari. Lokacin da gwamnatin Tinubu ta saki naira a watan Yunin 2023, dalar Amurka ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma har ta zarce 1,500 a farkon 2024, sai masu sefa suka ga kamar kakarsu ta yanke saƙa. Amma kayan kwalliya galibi daga China da Dubai da Amurka ake shigo da su Najeriya, da dala, saboda haka farashinsu ya bi dalar ya hau. Ribar canjin ba ta kai yadda aka zata ba. Ga kuma rufe iyaka: na Buhari daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da na takunkumin ƙungiyar CEDEAO bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, wanda ba a ɗage ba sai a farkon 2024. Kaya ba su daina shigowa ba, sun dai bi ta daji a kan babur, kuma kowane shinge da kuɗinsa. Yau ma da iyakar ke buɗe, rashin tsaro a yankin ya sa mace ba ta saurin cewa bari in je in saro da kaina. Sai ta tura kuɗi ta Nita ko Amana, ta jira abin da direba zai kawo.

Abin da direba ke kawowa shi ne matsala ta gaba, domin wadda ba ta taɓa kaya da hannunta ba ita ake liƙa wa jabu. Kwalba da sunan babban kamfani, farashi kuwa na gyaɗa. Asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Baƙin lallen da ake haɗawa da dayis ɗin gashi yana ɗauke da sinadarin PPD, wanda kan tayar wa wasu da ƙuraje da bororo daidai zanen furen, tabon ya daɗe bai ɓace ba. Kwallin gargajiya ma ba duka ne lafiyayye ba: a 2011 likitoci a Boston sun gano gubar dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Man bilicin kuwa, mai hydroquinone da mercury, ya kai hukumar NAFDAC ta Najeriya ta ayyana shi a matsayin matsalar gaggawa a 2023. A birni, idan fuskar amarya ta kumbura, mai kwalliya ta rasa kwastoma ɗaya. A gari irin Gesheme, inda matan rijiya ɗaya suka san juna har kakanni, sana'ar ce ta mutu ranar.

Akwai wani ɓarnar kuɗi da ya fi ba da takaici, wato sayen launin da bai dace da fatar mutanen wurin ba. Kowa ya ga hoton amaryar da fuskarta ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata toka, wuya da hannu kuwa suna nan da baƙinsu mai kyau. Ba laifin amarya ba ne. An daɗe kamfanonin duniya ba su damu da baƙar fata ba, shi ya sa Tara Fela-Durotoye ta yi suna da House of Tara da ta kafa a Legas a 1998, shi ya sa kuma duniya ta yi ca a 2017 da Fenty ta Rihanna ta fito da fandeshan launi 40. 'Yar Gesheme ba ta buƙatar 40. Launi uku ko huɗu masu duhu, na gaske, da hannun da ya iya gauraya su, sun fi akwati cike da farar hoda.

Wuta da waya da kabu-kabu su ma suna cin nasu. Fitilar zobe ba ta da amfani a ƙauyen da babu layin wutar NIGELEC, gara ƙaramin faifan sola da zai caja waya, a yi kwalliyar a bakin ƙofa da hasken safiya. Kuɗin babur zuwa ƙauyen amarya da dawowa, a kan yashin dallol, idan ba a sa shi cikin ciniki tun farko ba daga riba zai fita.

Sannan ga dangi. “Haba 'yata, ke ma sai na biya ki? Ai ƙanwarki ce ake aurarwa.” Wace yarinya ce za ta kalli gwaggonta ta ce a'a? Ta yi wa amarya, ta yi wa ƙawaye shida, a sallame ta da goro da turmin alkawari. Zumunci abu ne mai kyau, amma gashin idon da aka manna kuɗi aka sa aka saya. Waɗanda suka daɗe a sana'ar sukan raba abin biyu: aikin hannu kyauta ne ga 'yan uwa, kuɗin kaya kuwa sai an ajiye kafin a buɗe akwati. Haka nan mai hankali takan tambayi uwar amarya tun da wuri ko gidan sun yarda da aske gira da ƙarin gashin ido, ta kuma tsara aikinta bayan an yi alwala, don kada kwalliyarta ta zama abin wa'azi a masallacin Juma'a.

Duk wannan ba dalilin guje wa sana'ar ba ne. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake sefa jikka 42 a wata tun farkon 2024, kuma ba kowa ke samun ko da shi ba, sana'ar da mace za ta yi a cikin mata, ba tare da hayar shago ba, ba abin rainawa ba ce. Kuskuren shi ne farawa daga sama. Jarin da ya fi arha yana nan a gida: kitso da jan lalle da ɗaurin ɗankwali, waɗanda ba sa narkewa, kuma ana nemansu ranar suna da salla, ba ranar aure kaɗai ba. Daga ribarsu ake sayen burushi mai kyau, sannan hoda, sannan sauran. Hanyar tara kuɗin ma 'yar gida ce. Asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan karkarar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, an gina shi ne domin irin wannan ƙaramin rance, a karɓa gab da kaka a biya bayan bukukuwa.

Abin da ya rage na hukuma ne. Cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi da asusun FAFPA sun fi sabawa da ɗinki da walda da kanikanci. Horon 'yan makonni a Tibiri ko Dogon Dutsi, wanda zai koya wa 'yan mata wanke burushi tsakanin fuska da fuska, gwada lalle a bayan kunne kwana biyu kafin biki, karanta ranar lalacewa a jikin kwalba, da rubuta shiga da fita a littafi, ba zai ci kuɗin keken ɗinki goma ba. Lokacin da ya dace a yi shi kuwa shi ne ƙarshen damina, kafin a fara kai gero kasuwar Fadama.