Wanda ya ga Kiyoto bai ci abincinta ba, rabin tarihinta ya gani

Da yawa daga cikin masu yawon buɗe ido a Japan yini ɗaya suke ware wa tsohon birnin Kiyoto. Da sassafe a haura wurin bauta na Kiyomizu, kafin azahar a garzaya Kinkakuji mai lulluɓin zinariya, a ɗauki hoto, a koma mota. Idan yunwa ta taso sai a faɗa shagon soyayyar kaza irin wadda ake samu a kowane filin jirgin sama na duniya. A ganina wannan asara ce, domin a Kiyoto abin da ke cikin kwano ma tarihi ne, wani lokacin ma ya girmi ginin da aka biya kuɗi aka shiga kallo.

Kiyoto ita ce mazaunin sarkin Japan daga shekarar 794 zuwa 1868, kuma a 1994 hukumar UNESCO ta sanya wurare 17 na birnin da kewayensa cikin kayan tarihi na duniya. Sai dai ginin Japan na katako ne, katako kuwa abincin wuta ne. Kinkakujin da mai mulki Ashikaga Yoshimitsu ya fara a 1397 ya ƙone ƙurmus a 1950, lokacin da wani matashin ɗalibin wurin ya cinna masa wuta. Wanda ake ɗauka hoto a yau a 1955 aka gina shi. Shi ma Kiyomizu, duk da an kafa shi tun 778, manyan gine-ginensa na yanzu na 1633 ne. Girki kuwa gobara ba ta cin sa, daga hannu zuwa hannu yake tafiya. A 2013 ma UNESCO ta amince da girkin gargajiyar Japan, wato washoku, a matsayin gadon al'ada.

A duba awara, wadda su suke kira tofu. A shekarar 675 Sarki Tenmu ya kafa dokar taƙaita cin naman shanu da dawakai da kaji da wasu dabbobi, a zamanin da addinin Buda ke kafuwa, kuma ƙyamar nama ta daɗe har 1872 da aka sanar cewa Sarki Meiji ya ci naman sa. Mutanen da suka rage nama tsawon ƙarnoni dole su ƙware a waken suya, don haka dafaffiyar awarar da ake sayarwa a ƙofar wurin bauta na Nanzenji bayanin wannan doguwar al'ada ce. Haka kifin saba mai gishiri. Kiyoto ba ta bakin teku, sai fatake su barbaɗa wa kifi gishiri a garin Obama, su ɗauko shi a ƙafa ta cikin duwatsu, kamar yadda banda ke isa Kano daga Tafkin Chadi. Soyayyen tempura kuma sawun 'yan Fotugal ne, waɗanda suka fara isa Japan a 1543. Addini da yanayin ƙasa da cuɗanya da baƙi, duk ga su a faranti guda.

Babban uzurin matafiyi Musulmi shi ne halal, kuma ba uzurin wasa ba ne. Romon taliyar ramen sau da yawa da ƙashin alade ake yin sa, sannan masu girki kan zuba mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi, a miya da romo. Ko girkin wuraren bauta, wanda babu nama a cikinsa, ana iya sa masa ita. Amma maganin wannan tambaya ce da shiri tun daga gida. Akwai gidajen abinci masu shaidar halal a Kiyoto da Osaka da Tokiyo, Musulmi kuma ba baƙi ba ne a ƙasar, tunda masallacin Kobe yana tsaye tun 1935. Mai tambaya ba ya ɓata. Wanda ya iya neman bizar Japan ba zai gaza neman gidan abincin da ya dace da addininsa ba.

Wasu kuma cewa suke yi lokaci ba ya isa, ko zuciyarsu ba za ta ɗauki ɗanyen kifi ba. Ɗanyen kifi yanki ne kaɗan na abincinsu. Akwai shinkafa, da gasasshen kifi, da miyar miso ta ruɓaɓɓen wake, wadda mai cin daddawa ba shi da bakin raina ta. Batun lokaci kuwa, wurare biyu da aka gani a natse tare da zama ɗaya na cin abinci sun fi wurare shida da aka ratsa a guje. Don haka mai shirin zuwa Kiyoto ya rage wuri ɗaya daga jadawalinsa, ya ba kasuwar Nishiki sa'a guda, ya tambayi abin da aka sa a girki, sannan ya zauna ya ci.