Kafin ka ci bashin sabon gilashin kyamara, duba akwatin kawunka

A watan jiya wani tsohon ɗalibina ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, da jaka rataye a kafaɗa. Ya zuge ta ya fito da kyamara ƙirar Sony a6000, ta hannu, wadda ya shafe wata takwas yana tara kuɗinta daga aikin gyaran waya. Jikin ne kawai, babu gilashi a gabanta, an rufe bakin da murfin roba. Ya ce, "Malam, na je na tambayi gilashin, wai wanda nake so ɗin kuɗinsa ya fi na kyamarar. Ko za ka tsaya mini a ba ni bashi?"

Na ce masa ya zauna tukuna. Na shiga ɗaki na jawo akwatin ƙarfen marigayi kawuna, wanda ya yi shekaru yana sana'ar hoto a nan Zangon Kumasi tun zamanin fim. A ciki akwai tsohuwar Zenit da gilashinta Helios 44-2, da wasu gilasan Pentax guda biyu. Sau biyu masu sayen tsohon ƙarfe suna taya akwatin nan, ina hanawa. Na ɗaura wa Helios ɗin wani zobe baƙi, na murɗa shi a bakin kyamarar yaron, ya zauna daram. Ya ɗauki ƙanwata tana tsince shinkafa, ya duba allon, sai ya yi shiru.

Wannan zoben shi ake kira adafta. Ra'ayina a kansa shi ne, ga matashin da ke son koyon hoto alhali aljihunsa babu nauyi, babu abin da ya kai shi riba. Amma na ga mutane da yawa sun saye shi a makance sun yi asara, ni ma ina cikinsu, shi ya sa nake son in yi bayanin dalla-dalla.

Kusan kowane kamfani yana da irin bakin da yake yi wa kyamararsa, kuma galibi gilashin wani ba ya shiga bakin wani. Wannan kowa ya sani. Abin da mai shago ba zai gaya maka ba, wataƙila don shi ma bai sani ba, shi ne akwai wani awo da ya fi siffar bakin muhimmanci: tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da sensa, wato farantin nan da ke karɓar haske a inda da ake sa fim. An ƙera kowane gilashi ne ya zauna a wata tazara ƙayyadadda. A kyamarorin Nikon masu madubi, bakin F da suka fito da shi tun 1959, tazarar milimita 46.5 ce. A Canon EF 44 ce. Gilasai masu zare irin na murfin kwalba, waɗanda ake kira M42, kamar Helios ɗin kawuna, tasu 45.46. Su kuwa sababbin kyamarori da aka cire musu madubi, tazararsu gajeruwa ce ƙwarai: Sony E 18, Canon RF 20, Fujifilm X 17.7, Nikon Z 16 kacal.

To ka ga lissafin ɗan firamare ne. Gilashi yana son ya zauna a 45.46, kyamara ta ba shi 18, saura 27.46. Adaftar ba komai ba ce illa bututun ƙarfe mai wannan tsawon, bakin gilashi a gaba, bakin kyamara a baya. Babu gilashi a cikinta, babu waya, don haka ba ta rage wa hoto komai. Za ka iya ƙara tazara, amma ba za ka iya rage ta ba, sai dai in za ka fafe cikin kyamarar.

A nan ne na sha tawa. Shekara huɗu da suka wuce kyamarar da nake da ita Nikon ce mai madubi, daga cikin ƙananan. Na sayi adaftar M42 zuwa Nikon a wajen wani mai shago da ya rantse mini cewa tana aiki. Kuma gaskiyarsa ta wani ɓangaren, ta shiga. Na gwada a gida a kan fuskar yara daga kusa, hoto ya fito tas. Ranar yaye ɗalibai a makarantarmu hedimasta ya ce tunda ina da kayan aiki ba sai an ɗauko mai hoto ba. Na jera yara arba'in da malamansu, na ja da baya can nesa don kowa ya shiga, na murɗa zoben saiti har ƙarshensa. Rana ta take, allon bayan kyamarar ƙarami, na ga kamar komai daidai. Da dare na buɗe a kwamfuta. Wallahi ko fuska ɗaya ba ta fito ba, kamar an shafa wa hoton man kaɗe. Yara sun watse, wasu sun bar gari da iyayensu, taron nan ba zai sake haɗuwa ba. Har yau akwai uwar da in mun haɗu a hanya sai ta tambaye ni hoton ɗiyarta.

Laifin na milimita ɗaya ne da ɗoriya. Nikon ta ajiye gilashin a 46.5 alhali shi yana son 45.46, ga kuma kaurin zoben a kai. Gilashin da aka tura gaba fiye da mazauninsa yana ganin na kusa, amma abin da ya wuce 'yan taku kaɗan ba zai taɓa kama shi ba. Akwai adaftar da ake sa wa ƙaramin gilashi a ciki don gyara wannan matsala, sai dai yawancin masu arahar suna dusashe hoton, musamman in ka buɗe ƙofar haske sosai. Haka abin yake ga mai son ɗora tsohon gilashin Canon FD, mai tazarar 42, ko na Minolta MD, mai 43.5, a kan Canon EF. Abin dariyar shi ne gilashin Nikon yana hawa Canon EF lafiya lau da siririn zobe na milimita 2.5, amma na Canon ba ya hawa Nikon F.

Da na san wannan lissafin a ranar, da hoton yaran nan yana rataye a ofis. Shi ya sa nake cewa duk wanda zai sayi adafta ya fara neman lambobi biyu, ta gilashinsa da ta kyamararsa. In ta gilashin ta fi girma da tazarar da zobe zai samu wuri, bismillah. In ba haka ba, ka riƙe kuɗinka, ko da mai shago ya rantse da abin da zai kashe shi.

Wani zai ce me ya kai kamfanonin nan yin haka tun farko. Ba duka mugunta ba ce. A 1987 Canon ta yi watsi da bakin FD gaba ɗaya ta koma EF, don tana son gilashi da kyamara su riƙa magana da lantarki, kuma injin saiti ya koma cikin gilashin. Dabarar ta yi kyau, amma wanda ya tara gilasan FD da guminsa shi ya biya kuɗin dabarar. Gilasan nan suka yi shekara ashirin da wani abu suna kwance a akwatuna, har Panasonic ta fito da G1 a 2008, Sony ta biyo da NEX a 2010, sannan A7 a 2013. Cire madubin da suka yi don kyamara ta ƙanƙance shi ya buɗe wa tsofaffin gilasai ƙofa, ba don sun yi niyyar yi mana alheri ba. Lokacin da Canon da Nikon suka fito da RF da Z a 2018, su da kansu suka sayar da adafta tare da kyamarorin, don sun san mutane ba za su zubar da kayansu karo na biyu ba.

Yanzu bari in ba masu sukar abin haƙƙinsu. Wani abokina da hoton biki ne abincinsa ya ce mini, "Malam, kai wasa kake yi, mu aiki muke yi. Amarya za ta tsaya ne kana murɗe-murɗe?" Ban musa masa ba. Da adafta mara lantarki, kyamara ba ta saita kanta, kai za ka saita da hannu. Ƙofar haske ma kai za ka buɗe ka rufe da zoben da ke jikin gilashin. A wajen kamu ko rawar ƙawaye da dare, mutane na kai da komo, haske ba yawa, wanda hannunsa bai faɗa ba zai zubar da rabin hotunansa. Kuma ranar auren mutum ba wajen koyo ba ce. Na riga na koyi wannan a kan 'ya'yan mutane, ba na son kowa ya maimaita.

Inda na rabu da abokin nawa shi ne da ya ce ɓata lokaci ne. Ni malami ne, na san bambancin yaron da ya iya lissafi da wanda ya iya danna kalkuleta. Matashin da ya yi wata uku da gilashin hannu zai san abin da f/2 ke yi wa bayan mutum da abin da f/8 ke yi, zai san dalilin da ya sa ido ya fito hanci ya dushe. Kuma kyamarori marasa madubi sun sauƙaƙa abin: suna zana launi a gefen duk abin da ya shiga saiti, suna kuma ba ka damar faɗaɗa ido ko zanen hula ka duba kafin ka danna. Ga hoton mutum ɗaya a zaune, hoton kaya don talla a WhatsApp, ɗinkin tela, lallen amarya, ko bidiyon hira inda mai magana ba ya motsi, gilashin da aka ƙera kafin a haife ni yana yin aikin da zai kawo kuɗi.

Akwai tarkuna biyu da nake ganin mutane na faɗawa. Na farko, ba kowane gilashi ke da zoben ƙofar haske ba. Na Canon EF da lantarki ake sarrafa ƙofarsa, in ka ɗora shi a kan zobe mara waya zai tsaya a buɗe kawai, ba ka da iko da shi. Irin wannan sai adafta mai lantarki, kamar MC-11 ta Sigma ko ta Canon ɗin kanta a kan RF, kuma waɗannan kuɗinsu ba na wasa ba ne. Masu arahar cikinsu kuwa, wata ta yi aiki da wannan gilashin ta ƙi wancan, don haka kada ka biya sai ka gwada da naka a gaban mai shi. Gilasan Nikon masu harafin G su ma ba su da zoben, sai ka nemi adafta mai ɗan hannun da ke tura ƙofar. Har adaftar FTZ ta Nikon ba ta saita tsofaffin gilasan AF-D da kanta, saboda babu injin da zai juya su a cikinta.

Na biyu shi ne girman sensa. An yi tsofaffin gilasan nan ne don fim mai milimita 35. A kan a6000, wadda sensarta ta fi ƙanƙanta, sai ka ninka da 1.5: Helios mai 58 ya koma yana gani kamar 87. Ga hoton fuska wannan alheri ne. Amma duk wanda ya san ɗakunan Zango ya san ba inda za ka ja da baya, bango ne a bayanka. Ranar suna a ɗakin mai jego, da 58 sai dai ka ɗauki jaririn ka bar uwar. Mai 28 ya fi dacewa da irin wannan wuri, shi zai ba ka kamar 42.

Sai kuma lafiyar gilashin kansa, wanda a garinmu ba ƙaramin abu ba ne. Damshin daminar Kumasi yana sa funfuna ta tsiro a cikin gilashi, za ka gan ta kamar saƙar gizo-gizo. Ɗaya daga cikin Pentax ɗin kawuna haka ta cinye shi. Kafin ka saya, haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, amma saƙar nan ko hazo, a bar shi. Murɗa zoben ƙofar haske ka ga ko ganyayen na rufewa da sauri ba maiƙo a jikinsu. In ka kai gida kada ka kulle shi a akwati cikin duhu yadda muka yi, ka tara 'yan ƙunshin nan masu tsotse damshi da ke zuwa a kwalin takalmi ka ajiye tare da shi. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, don kyamara mara madubi da ka cire gilashi sensarta a fili take. Ka kifa bakinta ƙasa in za ka canza. Ni kowane gilashi na saya masa zobensa na bar shi a jiki, hakan ya rage yawan kwance-kwance. In kuma ka ɗaura adafta ka ji tana girgiɗi, mayar da ita, domin gefe ɗaya na hotonka ne zai riƙa dushewa kana zargin gilashi.

Yaron ya tafi da Helios ɗin aro. Na nuna masa inda zai shiga a cikin saitin kyamarar ya ba ta izinin ɗauka ko da ba ta ji gilashi a jikinta ba, don in ba haka ba za ta ƙi dannuwa ya zaci ta lalace. Bayan sati biyu ya dawo da hotuna sun fi ɗari uku, masu kyau ba su wuce talatin ba, amma talatin ɗin nan wani tela ya riga ya biya shi kuɗin goma. Ya ce an kira shi bikin ranar Asabar. Na ce ya je ya ari ƙaramin gilashin Sony mai saita kansa a wajen abokin nan nawa don lokacin hayaniya, Helios ɗin kuma ya bar shi a jaka sai amarya ta zauna.