Dogon Hutu: Kafin Mu Nufi Kogi Ko Dutse

Dogon hutu ya zo, mu matasan Kamazou kuma mun fara shirin fita shan iska. Wasu na gyara fatsa, wasu na haɗa kuɗin mota zuwa Kajuru. Sai dai hutunmu a tsakiyar damina yake faɗowa, kuma a watan Agusta kogin Kaduna cika yake maƙil, ruwan ya yi ja, ya ƙara gudu. Wurin da muka taka da ƙafa a watan Maris yanzu yana iya shanye mutum.

Don haka in fatsa za mu yi, mu tsaya a gaɓa, mu bi shawarar masunta, su suka san inda gurbi yake. Kwalekwale kuwa, kada mu shiga sai da rigar kariya, kada a yi masa lodi, kada a tashi da hadari a sama.

Duwatsun Kajuru abin kallo ne, ga kuma gidan dutsen da wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980. Amma ba mu manta harin watan Afrilun 2019 ba, wanda ya ci rayukan mutum biyu a can. Kwana a tanti cikin daji ba namu ba ne a yanzu. Mu tafi da safe, a ƙungiya, da sanin iyaye, mu dawo kafin magariba.

Mai ƙaramin aljihu ga Gamji nan a bakin kogi, inda gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru take. Mu dai koma aji a cike.