Arecibo: igiyar da ta yi shekara uku tana zamewa ana kallonta

Yau ba maganar siyasa na kawo ba, amma duk wanda ya taɓa zama a teburin haɗa kasafin kuɗi, ko ya taɓa rubuta takardar neman kuɗin gyara aka jefa ta a durowa, zai ji kamar da ofishinsu nake. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Ranar 1 ga Disamba 2020, ƙarfe takwas saura na safe, wani dandamalin ƙarfe mai nauyin tan 900 ya tsinke daga sama ya rikito cikin farantin Arecibo a tsibirin Puerto Rico, wanda ke ƙarƙashin ikon Amurka. Tan 900 fa, wato tirelar siminti talatin kowace da buhu 600. Allah ya taƙaita, ba wanda ya ji rauni, domin an riga an hana kowa zuwa kusa. Amma na'urar da ta yi shekara 53 tana riƙe da kambun farantin sauraren samaniya mafi girma a duniya ta zama tarkace cikin daƙiƙu.

Bari in ɗan yi bayani ga wanda bai san irin wannan na'ura ba. Taurari da sauran abubuwan da ke sama ba haske kaɗai suke fitarwa ba, suna fitar da igiyoyin rediyo ma, irin dangin wanda rediyonka da wayarka ke kamawa. Sai dai kafin su iso nan sun yi raunin da ba ya misaltuwa. Shi ya sa ake gina ƙaton faranti, kamar dish ɗin da ke kan rufin gidajenmu, ya tattaro su wuri guda. Na Arecibo faɗinsa mita 305, kusan filin ƙwallo uku a jere, an shimfiɗa shi cikin wani kwari da Allah ya halitta tsakanin tsaunuka, aka buɗe shi a 1963. Farantin ba ya motsi. Na'urorin karɓar saƙon ne ke motsi, suna kan wancan dandamali da aka rataye da igiyoyin ƙarfe daga hasumiya uku, sama da mita 130 a kan farantin.

Kuma ya yi aiki. Da shi aka gano cewa duniyar Mekuri tana juyawa a kan kanta cikin kwana 59, alhali da ana cewa 88. Da shi Russell Hulse da Joseph Taylor suka gano, a 1974, wasu matattun taurari biyu da ke zagaye juna, binciken da ya ba su kyautar Nobel a 1993. A 1992 da shi aka fara tabbatar da duniyoyi a wajen dangin ranarmu. Sannan yana da rada mai ƙarfi da ake auna duwatsun da ke giftawa kusa da Duniya, a san girmansu da hanyarsu. Masu kallon fim kuwa sun gan shi a GoldenEye na James Bond.

To, abin da ba a nunawa a fim shi ne hidimar yau da gobe. Farantin Arecibo fale-falen alminiyom ne kusan 39,000, kuma dole kowane ya zauna daidai, kuskuren kada ya wuce 'yan milimitoci, in ba haka ba saƙon ya watse. Ma'aikatan da ke takawa a kai sai sun sa wasu faffaɗan takalma don kada su lotsa shi. Na'urorin karɓar saƙo kuma sanyaya su ake yi da iskar hiliyom har ƙasa da digiri 250 a ƙarƙashin sifili, saboda ɗumin jikinsu ma kansa hayaniya ne da ke danne abin da ake nema. Injin sanyin nan yana tsayawa, aiki ya tsaya. Ga tsatsa, don wuri ne mai ruwa da laima, ga fenti, ga man giris, ga janareto, ga kwamfutoci da ke tsufa tun kafin ginin ya tsufa.

Sai kuma yaƙi da hayaniyar mutane. A Green Bank da ke jihar West Virginia, tun 1958 aka keɓe yanki mai faɗin murabba'in mil 13,000 inda aka taƙaita watsa igiyoyin rediyo, har akwai motar da ke yawo tana farautar inda hayaniya ke fitowa. Wani abin dariya: a tashar Parkes ta Ostireliya masana sun yi shekaru suna ganin wani baƙon saƙo da suka rasa gane kansa, sai a 2015 aka gano ashe daga na'urar ɗumama abinci ta ma'aikata yake fitowa, idan mai jin yunwa ya buɗe ƙofarta kafin ta tsaya. Yanzu kuma ga dubban taurarin ɗan'adam irin na Starlink suna gilmawa ta kan kowa, su kuwa ba katangar da za ta tare su.

Duk wannan kuɗi ne, kuma kuɗin da ba ya ƙarewa. A nan labarin ya fara kama da abin da muka sani.

A 2006 wani kwamitin bita na hukumar NSF, mai ɗaukar nauyin binciken kimiyya a Amurka, ya ba da shawarar a rage kuɗin Arecibo daga dala miliyan 10.5 a shekara zuwa miliyan 8, daga baya a sake ragewa, in kuma ba a samu wasu masu tallafi ba a rufe shi. Daga nan tashar ta shiga rayuwar lallaɓawa. A 2018 aka miƙa ragamarta ga wata gamayya ƙarƙashin Jami'ar Central Florida, da sharaɗin cewa kason NSF zai riƙa sauka har ya kai wajen dala miliyan 2. Kafin nan, a Satumba 2017, guguwar Maria ta daki tsibirin ta jijjiga komai.

Yanzu ga batun igiyoyin, a kula da nan sosai. Kowace igiya wayoyin ƙarfe ne da yawa da aka murɗe wuri guda. A ƙarshenta ana warware wayoyin su bazu kamar bakin tsintsiya a cikin wani ƙoƙon ƙarfe, sai a zuba narkakkiyar tutiya, wato ƙarfen nan da ake shafa wa kwanon rufi, ta daskare ta riƙe su. A gyaran da aka kammala a 1997 an ƙara wa dandamalin nauyi sosai da wata ƙatuwar ƙubba, aka ƙara igiyoyin taimako don su ɗauki ƙarin. Abin da bincike ya gano daga baya shi ne tutiyar nan tana saki a hankali a hankali saboda nauyi, igiya tana zamowa daga ƙoƙonta. Kuma ana gani da ido. An auna, an rubuta.

Ranar 10 ga Agusta 2020 igiyar taimako guda ta zare gaba ɗaya, ta faɗo ta tsaga farantin tsawon kusan mita 30. Ana cikin shirin gyara, ranar 6 ga Nuwamba babbar igiya ta tsinke a hasumiya ɗaya da ta farko, kuma ta tsinke ne alhali nauyin da ke kanta bai wuce kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da takarda ta ce za ta iya ɗauka ba. Daga nan injiniyoyi suka ce ba wanda zai iya lamunce wa sauran. Ranar 19 ga Nuwamba NSF ta sanar cewa za a rushe na'urar cikin tsari. Kwana goma sha biyu bayan haka ta rushe da kanta.

A Oktoba 2024 kwamitin Cibiyoyin Kimiyya na Ƙasa na Amurka ya fitar da rahotonsa. Ya ce lalacewar ta ɗauki wata 39, tun daga guguwar Maria, kuma zamewar igiyoyin babbar alama ce da ya kamata ta tayar da hankali amma aka ɗauke ta ba komai ba. Majalisar dokokin Amurka ta ma ware sama da dala miliyan 14 don gyaran ɓarnar guguwar, amma gyaran da aka tsara bai dosi ƙoƙunan da ke sakin ba.

Ra'ayina a nan kashi biyu ne, kuma na san wasu abokaina ba za su yarda da na farkon ba.

Ni ban ga laifin hukuma ta ce ta gaji da tsohuwar na'ura ba. Aljihu ɗaya ne, ga sababbin ayyuka irin ALMA a Chile suna jiran nasu kason, kuma ba a ce don abu ya yi suna a 1974 dole a ciyar da shi har abada ba. Wanda ya taɓa raba kuɗi kaɗan tsakanin sassa goma ya san zafin abin. Laifin da nake gani shi ne tsayawa a tsakiya. Shekara goma sha huɗu, ba a yanka saniyar ba, ba a kuma ba ta dusa ta ƙoshi ba, ana dai ta tatsa. Idan za ka bar tan 900 a rataye a kan mutane, to kuɗin duba igiyarsa ba ya cikin abin da ake ciniki a kai. In ba za ka iya ba, ka sauke shi da hannunka tun yana da daraja, ka kwashe kayan da ke da amfani.

Na biyu kuwa ya fi damuna, domin ba a gyara shi da kuɗi kaɗai. Mutane sun ga igiya tana zamewa. Amma lissafin da ke cikin fayil ya ce akwai rarar ƙarfi, don haka aka gaskata fayil aka ƙaryata ido. Mu ma'aikata mun san wannan ciwo. Ƙaramin ma'aikacin da ke hawa sama shi ke ganin tsaga, amma kafin rahotonsa ya hau bene uku ya isa teburin mai sa hannu, "akwai haɗari" ta koma "ana sa ido". Kuma kullum abin da ya daɗe bai faɗi ba sai a ɗauka ba zai faɗi ba. Ba yau farau ba ma: a Nuwamba 1988 farantin Green Bank mai ƙafa 300 ya rushe cikin dare saboda wani farantin ƙarfe guda da ke haɗa ginshiƙai ya tsage.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu, masu fama da wutar lantarki? Ruwanmu shi ne wannan harka tana tahowa Afirka da ƙarfinta. A Yuli 2018 Afirka ta Kudu ta ƙaddamar da MeerKAT a yankin Karoo, faranti 64 kowane mita 13.5. Tun 2007 suka yi dokar kare yankin daga hayaniyar rediyo, wato sun fara da doka kafin siminti, kuma wannan ya burge ni. MeerKAT zai shiga cikin babban aikin SKA da aka fara ginawa a Disamba 2022, wanda ɓangarensa na Afirka ta Kudu zai kai faranti 197, ɗaya ɓangaren kuma yana Ostireliya. Ƙasashen Afirka takwas ne abokan aikin: Botswana, Ghana, Kenya, Madagaska, Mauritius, Mozambik, Namibiya da Zambiya. Najeriya da Nijar ba sa ciki.

Faranti da yawa ƙanana suna da wata fa'ida: ɗaya ya lalace, sauran na aiki. Amma kuma injin sanyi 197 ne, mota mai juya faranti ɗari-ɗari, a cikin ƙura da zafin Karoo, na tsawon shekara hamsin da ake sa ran aikin zai yi. Ƙasar Sin ma da ta ƙwace kambun a 2016 da farantin FAST mai mita 500 a lardin Guizhou, ta sayi hidima ce babba: fale-fale 4,450 da injuna sama da 2,000 da ke ja suna saki don canza siffar farantin. Sai dai sun ɗauki darasi guda tun a zane, ɗakin na'urorin da suka rataye bai wuce tan 30 ba.

Wanda ya fi ba ni sha'awa duk cikinsu shi ne na Ghana. A Kuntunse, kusa da Accra, akwai tsohon farantin sadarwa mai mita 32 da ya zama ba shi da aiki bayan zuwan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku. Maimakon a bar shi ga 'yan gwangwan, injiniyoyin Ghana da na Afirka ta Kudu suka gyara shi, suka sauya masa injuna da na'urori, aka ƙaddamar da shi a matsayin na'urar binciken samaniya a Agusta 2017. Ba shi da girman FAST, ko kusa. Amma matasan da suka kwance shi suka ɗaura sun san kowane ƙusa a jikinsa, kuma irin waɗannan mutane su ne abin da ya fi wuyar saye.

Shi ya sa duk ranar da na ji wani jami'i, a ko'ina ne, yana alƙawarin kafa babbar cibiyar kimiyya, ba adadin kuɗin kwangilar nake son ji ba. A nuna mini layin kuɗin gudanarwa na shekara ta goma, da sunan muƙamin wanda ke da ikon cewa a tsayar da aiki yau ba tare da ya jira izini daga hedikwata ba.

Shi kuwa Arecibo, a Oktoba 2022 NSF ta ce ba za ta sake gina shi ba. Cibiyar koyar da ɗalibai kimiyya aka tsara a wurin. Radar da ke auna duwatsun nan masu giftawa ta tafi tare da dandamalin, kuma ta Goldstone a California da ake dogaro da ita yanzu ba ta kai ta nisan ji ba.