Kyanwa Mai Cutar Sankarar Jini: A Keɓe Ta, Kada a Yar da Ita

Sanin kowa ne cewa a Gulma da sauran garuruwan fadamar kogin Rima, daga Argungu har zuwa Birnin Kebbi, kyanwa ma'aikaciya ce a gida. Ita ke tsare rumbun shinkafa da busasshen kifi daga ɓarnar ɓera, shi ya sa akan tarar da kyanwoyi uku ko huɗu a gida guda suna ci a kasko ɗaya. To, idan ɗayarsu ta rame, dasashinta ya yi fari, ta riƙa fama da zazzaɓi da gyambon baki, abin da mutane da yawa ke yi shi ne su kai ta bayan gari su yar. Wannan kuskure ne babba.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke haddasa irin wannan rama ita ce ƙwayar bairas da masana ke kira FeLV, mai jawo sankarar jini ga kyanwa. Farfesa William Jarrett na Jami'ar Glasgow da ke Sikotlan ne ya gano ta a shekarar 1964. Ƙwayar tana shiga ɓargo, ta raunana garkuwar jiki, ta jawo ƙarancin jini da ciwon daji. Tana yaɗuwa ne ta hanyar miyau, wato sa'ad da kyanwoyi ke lasar juna, ko cin abinci a mazubi ɗaya, ko cizon juna wajen faɗa. Uwa ma tana ba 'ya'yanta ta ciki ko ta nono, kuma ƙananan kyanwoyi sun fi manya saurin kamuwa.

Wanda ya yar da irin wannan kyanwa bai rabu da cutar ba, ya dai miƙa ta ne ga kyanwoyin maƙwabta, domin yunwa za ta kora dabbar zuwa wani gida, ta yi faɗa da muzuran unguwa. Tsoron da ke sa a yar da ita kuwa ba shi da tushe, domin cutar ba ta kama ɗan Adam. Haka kuma ƙwayar ba ta daɗewa a wajen jiki. Sabulu da ruwa suna kashe ta.

Abin da ya dace shi ne a fara tabbatar da cutar ta gwajin jini a wurin likitan dabbobi, kamar na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, domin rama kaɗai ba hujja ba ce. A maimaita gwajin bayan wata guda, saboda jikin wasu kyanwoyin yakan danne ƙwayar. Idan ta tabbata, sai a ware wa mai cutar ɗakinta da kaskon abinci da na ruwa, a hana ta yawo da haihuwa. A gwada sauran, a yi wa masu lafiya allurar rigakafi, wadda aka fara amfani da ita tun 1985. Babu maganin da ke kawar da ƙwayar, amma kyanwar da ta sami abinci mai kyau da magani a kan kari tana iya rayuwa shekaru.

Gaskiya ne gwaji da allura suna cin kuɗi da tafiya, amma raba kasko da keɓe ɗaki ba su fi ƙarfin kowane gida ba. Ya kamata malaman kimiyya su koya wa ɗalibai wannan darasi, su kuma ɗalibai su kai shi gida ga iyayensu.